Hafsan Jirgin Ruwa a Fadar Sarkin Musulmi Bello

Wanda ya tashi daga Sifawa a ƙasa bayan sallar asuba, kafin rana ta faɗi ya shiga Sakkwato. Wanda kuwa yake son ganin teku, sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ya ji ƙanshin ruwan gishiri. Amma a wannan ƙasa ta gero da raƙuma aka binne wani hafsan sojan ruwa na Birtaniya a shekarar 1827. Sunansa Hugh Clapperton, mutanen Barno da na Hausa kuma Abdullahi suka san shi da shi. Darasin nan zai bi sawunsa daga jirgin ruwa zuwa zauren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, don a ga abin da ya kawo shi da abin da ya tarar.

An haife shi a watan Mayu na 1788 a Annan, wani ƙaramin gari na bakin ruwa a kudancin Sikotlan. Ubansa likita ne mai tarin iyali, 'ya'ya fiye da ashirin, saboda haka babu wanda ya yi mamaki da aka sa yaron a jirgin fatake yana ɗan shekara 13. Jirgin yana kai da kawowa tsakanin Liverpool da Amurka ta Arewa. Bayan ya ƙetare tekun Atlantika sau da dama, sai aka tilasta masa shiga rundunar sojan ruwa. A wancan zamani haka ake yi: in yaƙi ya yi zafi, gwamnati takan aika ƙarti su bi tashoshin jiragen ruwa suna kama duk matuƙin da suka samu, ko yana so ko ba ya so.

Jiragen lokacin ba su da inji. Katako ne zalla, da dogayen ginshiƙai da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye masu kauri, iska ta cika su ta tura jirgin. In iska ta ɗauke, sai a zauna a tsakiyar teku ana kallon juna, wani lokaci har kwana da kwanaki. Babban jirgin yaƙi mai igwa 74 yakan ɗauki mutum wajen 600, suna kwana a cunkushe cikin ragar da ake ratayawa, suna cin nama mai gishiri da busasshen biskit wanda sau da yawa ƙwari sun riga su ɗanɗanawa. Aiki na karɓa-karɓa ne, awa huɗu-huɗu, dare da rana. Mai laifi bulala ce rabonsa, a gaban kowa.

A cikin wannan wahala akwai makaranta. Yaron da aka ga yana da kai akan mai da shi ɗalibin hafsa, a koya masa lissafi da karatun taswira da sanin taurari. Kullum da tsakar rana zai fito da na'urar awon rana ya auna tsayinta daga inda sama ta haɗu da ruwa, ya yi lissafi, ya faɗi inda jirgi yake a doron duniya. Kuma dole ya rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi: iska daga ina ta taso, nisan da aka yi, abin da aka gani. Sai ya shekara shida a teku ya ci jarrabawa kafin ya zama laftanar. Daga nan sai kwamanda, sai kyaftin, sannan admiral, wato mai jan ragamar rundunar jirage. Matakin ƙarshen nan ba ƙwazo kaɗai ke kai mutum ba. Layi ake bi, sai na gabanka sun mutu ko sun gusa. Admiral Horatio Nelson, wanda ya murƙushe jiragen Faransa da Sifen a yaƙin Trafalgar a 1805 ya kuma rasa ransa a wurin, ya zama kyaftin tun yana ɗan shekara 20, shi ya sa layi ya iso kansa da sauran ƙarfinsa. Clapperton, wanda ya faro daga can ƙasa, bai wuce kwamanda ba har ya mutu.

Yana da kyau a jera shekarunsa da na wannan yanki. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ba da daɗewa ba Shehu ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubuta littattafai, ƙanensa Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga, ɗansa Bello kuma yana gina Sakkwato. A ƙarshen 1810, lokacin da almajirai ke tururuwa zuwa Sifawa, Clapperton yana cikin mayaƙan da suka ƙwace tsibirin Morishus daga hannun Faransawa a tekun Indiya. A 1814 aka tura shi manyan tafkunan Kanada, inda ya zama laftanar har aka ba shi ƙaramin jirgi ya riƙe. A 1815 Shehu ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato, a shekarar kuma aka gama yaƙi da Napoleon na Faransa a Turai. A 1817 Shehu ya rasu aka yi wa Bello mubaya'a, Clapperton kuma aka sallame shi ya koma gida a kan rabin albashi.

Rabin albashin nan shi ne mafarin labarin. Da yaƙi ya ƙare, rundunar da ta kai mutum wajen dubu 140 aka zaftare ta ta koma ƙasa da dubu 25. Hafsoshi suka yi yawa, jirage suka yi kaɗan. Wani babban ma'aikaci a ofishin sojan ruwa, John Barrow, ya ga cewa waɗannan zaunannun mutane sun iya awon rana, sun saba da yunwa, sun kuma saba rubuta abin da suka gani. Sai aka shiga aika su wuraren da taswirar Turawa ba ta sani ba. Babbar tambayar da ta dame su a Afirka ita ce kogin Kwara: ina yake zuba? Wani Bature, Mungo Park, ya mutu a Busa yana neman amsa. Barrow da kansa ya kafe a kan cewa Kwara da kogin Nilu haɗe suke. Masu kwalekwalen Nufe da na Yawuri ba su taɓa jin cewa kogin nasu ya ɓata ba, amma ba a tambaye su ba.

A 1822 Clapperton ya bar Turabulus tare da likita Walter Oudney da wani hafsan sojan ƙasa, Dixon Denham, wanda ba su taɓa jituwa da shi ba. Suka bi hanyar Murzuk da Bilma, hanyar da ayarin bayi ya cika da ƙasusuwa, suka iso Kukawa a watan Fabrairu na 1823 wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. A watan Disamba Clapperton da Oudney suka nufi ƙasar Hausa. Oudney ya mutu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Clapperton ya shiga Kano shi kaɗai ranar 20 ga wannan watan, sanye da kayan sarkinsa na sojan ruwa, yana tsammanin gari zai tsaya kallonsa. Kowa ya ci gaba da harkarsa. Ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin dubu 30 da dubu 40, ya yaba tsarin kasuwa, har ya sayi koriyar lema ƙirar Ingila a cikinta. Ashe kayan ƙasarsu sun riga shi zuwa a bayan raƙuma.

Ranar 16 ga Maris 1824 ya shiga Sakkwato. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ya sauke shi ya kula da shi, kuma a duk littafin Clapperton da wuya a sami mutumin da ya yaba kamar Giɗaɗo. Washegari aka kai shi gaban Bello, ya same shi zaune a kan ɗan kilishi tsakanin ginshiƙai biyu, da shuɗiyar riga da farin rawani.

Abin da ya biyo baya ya ba baƙon mamaki. Ya zo da niyyar yin tambaya, sai ya zama shi ake yi wa. Bello ya tambaye shi ƙungiyoyin Kiristoci na dā da sunayensu, har Clapperton ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai can ba. Da ya baje taswirar sama, Bello ya riƙa kiran burujai da wasu taurari da sunayensu na Larabci. A cikin kyaututtukan da aka kawo, tabaron hangen nesa da kamfas suka fi jan hankalinsa, musamman da aka nuna masa cewa kamfas zai nuna masa gabas a duk inda yake. Ya kuma fito da wasu littattafan Denham da suka faɗa hannun mutanensa a wani hari da aka yi a yankin Mandara, ya mayar da su, bai kuma ɓoye ɓacin ransa ba da jin cewa abokin tafiyar baƙonsa yana cikin maharan.

Wata rana Clapperton ya zo nuna na'urorin awon rana, sai ya tarar ya ɓatar da makullin akwatin ɗaya daga cikinsu. Ba tare da tunani ba ya nemi a miƙo masa wuƙa ya ɓalle murfin. Nan take Bello ya jawo takobinsa ya ajiye a gabansa. Clapperton ya rubuta abin a matsayin tsoro. Mai karatu na iya ganinsa daban: baƙon da ba a san asalinsa ba ya riƙe tsirarar wuƙa taku biyu daga sarkin da ya shekara ashirin cikin yaƙi.

Bello ya san irin ƙarfin da ke bayan wannan baƙo, kuma ya faɗa masa. Ya tayar da maganar yaƙin da Ingilishi suka yi da mutanen Aljaza'ir, da yadda suka mallake Indiya. Maganar farko tana nufin abin da ya faru a watan Agusta na 1816, lokacin da Admiral Edward Pellew, wanda aka fi sani da Lord Exmouth, ya jera jiragensa a gaban birnin Aljaza'ir ya yi ta ruwan igwa tun daga rana har cikin dare, sai da mai mulkin birnin ya saki Kiristocin da ke tsare a hannunsa fiye da dubu. Labarin ya ƙetare Sahara da fatake da alhazai. Wato tun kafin a ga ɗan sojan ruwa ido da ido a Sakkwato, an san abin da admiral yake iya yi wa garin Musulmi in ya sami hanyar ruwa zuwa ƙofarsa.

Duk da haka Bello bai rufe ƙofa ba, domin shi ma yana da bukata. Bindiga da albarushi da magani duk ta hamada suke zuwa, da tsada, ta hannun Larabawa. In akwai hanya ta teku, daular za ta huta. Clapperton kuma ya zo da bukatar gwamnatinsa: tun 1807 Birtaniya ta haramta wa mutanenta cinikin bayi, jiragenta na yaƙi suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama jiragen bayi suna sauke mutanen a Firitawun. Suka yi ta tattaunawa. A ƙarshe Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa, ya yarda a hana fatake kai bayi bakin teku, ya nemi a aiko masa da wakili da likita. Ya zana wa baƙon taswirar Kwara, aka kuma kwafa masa wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri mai bayanin ƙasashe, wanda daga baya aka fassara aka buga a Landan. Abu ɗaya ya hana: zuwa Yawuri da Nufe, inda kogin yake. Ya ce hanya ba lafiya. Clapperton ya zargi fataken Larabawa da zuga, kuma ba mamaki akwai hannunsu, tun da kasuwarsu ce za ta mutu. Ya bar Sakkwato a farkon watan Mayu, ya isa Ingila a tsakiyar 1825.

Murna ta sa aka yi gaggawa. Aka ƙara masa girma zuwa kwamanda, kafin wata uku ya cika an sa shi a jirgin yaƙi mai suna Brazen an nufi gaɓar Gini. A nan aka fara ganin kuskure. Garuruwan da Bello ya ambata a matsayin mahaɗa, Raka da Funda, ba a bakin teku suke ba, suna can cikin ƙasa. Ba a tarar da manzon kowa ba. A watan Disamba na 1825 suka kama hanya daga Badagiri, kafin wata ya ƙare zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da likita Morrison.

Mutum biyu suka rage masa da za a dogara da su. Ɗaya baransa ne, Richard Lander, saurayi ɗan shekara 21. Ɗayan kuwa Bahaushe ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, mutumin Gobir. An kama shi an sayar, ya bi hannu-hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingilishi ya tare su ya 'yanta shi, shi kuma ya zauna ya yi aikin jirgi tare da su. Ga Bagobiri da ya san igiya da ƙyallen jirgi kamar yadda ya san kan gona, ya dawo gida a matsayin tafinta. Turawan sun cika littattafansu da ƙorafi a kansa, wai ya cika aure-aure, ya kan gudu da kayansu. Amma ba su iya rabuwa da shi ba, domin in babu bakinsa ba su da baki.

Suka ratsa ƙasar Yarbawa ta tsohuwar Oyo, suka bi Kayama da Wawa da Busa, inda Clapperton ya ga wurin da Park ya halaka, suka haye Kwara suka bi Nufe da Zariya, suka shiga Kano a watan Yuli na 1826. A watan Oktoba ya sami Bello a sansanin yaƙi, ana shirin faɗa wa Gobirawa a Konya. Ya kalli yaƙin da idon soja, bai kuma yaba ba. Abin da ya fi burge shi wata tsohuwar baiwa ce Bazamfara da ke ratsa fagen fama da ƙoren ruwa tana shayar da mayaƙa da masu rauni.

Bello ya karɓe shi da fara'a. A cikin kyautar wannan karo akwai littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya ce dā suna da kwafi da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Bayan 'yan kwanaki Clapperton ya shiga wurinsa ya same shi duƙe a kan littafin.

Sai dai zamani ya juya. Al-Kanemi ya ɗaura yaƙi, rundunar Barno ta doso ƙasar Kano. Ga kuma Clapperton ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga shi wannan al-Kanemi, a cikinsu har da makamai, yana neman a ba shi hanya ya kai. Ana ta raɗe-raɗin cewa Ingilishi 'yan leƙen asiri ne, haka suka shiga Indiya da ɗaiɗai da bibbiyu har suka cinye ta. Bello ya sa aka ɗauko Lander da sauran kaya daga Kano, aka karɓe wasiƙar da makaman. Clapperton ya fusata, ya faɗa wa Giɗaɗo maganganu masu zafi, yana ganin an ci amanar manzo. Ta fuskarsa yana da hujja. Amma da wuya a sami admiral ɗin Birtaniya da zai bar baƙo ya ratsa tsakiyar jiragensa da bindigogi zuwa ga abokin gaba ana tsakiyar yaƙi, kuma Clapperton, wanda ya yi shekaru a wannan aiki, ya fi kowa sanin haka. A farkon 1827 Sarkin Bauchi Yakubu ya tare rundunar Barno ya mayar da ita, amma zumuncin bai koma yadda yake ba.

A watan Maris ciwon atuni ya kwantar da shi. Lander ya yi jinyarsa fiye da wata guda a cikin zafin bazara, yana yi masa fifita, yana wanke masa tufa. Ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827, saura 'yan makonni ya cika shekara 39. Bello ya ba da izinin binne shi a wani ƙauye mai tazarar mil biyar daga birni, ya aiko da masu haƙa kabari. Aka ɗora gawar a kan raƙumi, aka lulluɓe ta da tutar ƙasarsu. Lander ya karanta addu'ar binnewa shi kaɗai, babu mai cewa amin.

Lander ya kwashe takardun maigidansa, shi da Pasko suka koma Badagiri, ya isa Ingila a 1828, aka buga littafin a 1829. Saboda ɗabi'ar nan ta jirgin ruwa, ta rubuta komai kowace rana, masu tarihi har yau suna komawa gare shi don sanin yadda Sakkwato da Kano suke shekaru kaɗan bayan rasuwar Shehu: ganuwa da ƙofofi, farashin kaya, zaman fada, har da kamannin Bello da Giɗaɗo.

A 1830 Lander ya dawo da ƙanensa John, da Pasko kuma, suka shiga kwalekwale a yankin Busa suka bi Kwara har inda ta rarrabu ta zuba a tekun Atlantika. Bayan shekara biyu ya sake dawowa, wannan karo da jirage biyu masu inji da hayaƙi, waɗanda ba ruwansu da jiran iska. Ɗaya an sa masa suna Kwara, ɗayan Albarka. Ta wannan kogi kamfanonin Ingilishi suka hauro, sojoji suka biyo su. Rundunar Ingilishi ta Lugard ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, saura kwana ɗaya a cika shekara 79 da ranar da Waziri Giɗaɗo ya sauki Abdullahi Bature.

Tambayoyi

1. Wane ilimi ne aikin jirgin ruwa ya koya wa Clapperton wanda ya amfane shi a tafiyar ƙasa?
2. Ina Shehu Usmanu yake zaune a 1810, kuma ina Clapperton yake a ƙarshen wannan shekara?
3. Me Sarkin Musulmi Bello yake nema daga Birtaniya, me kuma yake gudu?
4. A tattauna a aji: da Bello da Clapperton, wa ya fi hujja a kan maganar kayan al-Kanemi?